Dole Ne In Gafarta Wa Wanda Bai Nemi Gafara Ba?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa amininsa, wanda suke sujada a ikilisiya ɗaya, ya karɓi rancen kuɗi mai yawa a hannunsa, da lokacin biya ya yi sai ya musa, ya kuma bi mutane yana cewa sharri ake yi masa. Shekaru sun shige, bai biya ba, bai kuma nemi gafara ba. Mai tambayar ya ce duk lokacin da aka kai wurin roƙon gafara a cikin Addu'ar Ubangiji sai bakinsa ya yi nauyi, har ya fara janye jiki daga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a ikilisiya domin tunawa da mutuwar Yesu. Yana so ya sani ko wajibi ne ya gafarta wa wanda bai tuba ba, in kuwa wajibi ne, ko dole ya koma hulɗa da shi kamar dā, ya kuma haƙura da kuɗin.

Amsa: Ɗan'uwa, alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da kai. Tambayoyi uku ka ɗaure da igiya ɗaya, kuma ina ganin rabin wahalarka daga wannan ɗaurin ta fito. Gafartawa wajibi ce a kanka, ko ya tuba ko bai tuba ba. Komawa ga amincin dā kuwa ba a ɗora maka ita ba muddin bai tuba ba, domin sulhu aikin mutum biyu ne. Maganar kuɗin tana da hanyarta dabam, wadda Littafi Mai Tsarki ya shimfiɗa, kuma bin wannan hanya bai saɓa wa gafara ba.

Kafin kome, kada ka bari kowa ya rage maka girman abin da aka yi maka. Mai Zabura ta 55 ya yi kukan da ya yi kama da naka, inda ya ce da maƙiyi ne ya ci mutuncinsa da ya jure, amma abokinsa ne na kusa, wanda suke hira mai daɗi tare, suna shiga Haikalin Allah cikin taron jama'a tare. Allah bai share wannan kuka daga cikin Littafinsa ba, ya bar shi a cikin waƙoƙin sujada. Masu ce maka "ai ba kome, ka manta kawai" nufinsu alheri ne, amma maganarsu ta fi ta Nassi sauƙi. Abin da ba kome ba ne ba ya bukatar gafara. Ana gafarta laifi ne bayan an kira shi laifi.

Akwai ayoyi biyu da suke sa masu koyar da Maganar Allah su rabu a kan wannan batu, kuma gara ka san su duka. A Markus 11:25 Yesu ya ce idan mun tsaya yin addu'a, muna kuwa riƙe da wani a zuciya, mu gafarta masa. A nan babu maganar zuwan mai laifin, ba ma lalle yana wurin ba, kai kaɗai ne a gaban Allah. A Luka 17:3-4 kuma ya ce idan ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka gafarta masa, ko da sau bakwai ya yi maka a yini ɗaya yana dawowa yana cewa ya tuba. Waɗansu sun riƙe ta Luka suka ce babu gafara sai da tuba. Waɗansu sun riƙe ta Markus suka mai da tuba kamar ba ta da muhimmanci. A fahimtata ayoyin ba sa karo, domin kowace tana magana ne a kan wurin da take aiki. Ta Markus tana magana a kan abin da yake faruwa tsakaninka da Allah game da mutumin, wato ka saki haƙƙin ramuwa. Ta Luka tana magana a kan abin da yake faruwa tsakaninka da mutumin, wato a faɗi laifi, a amsa shi, a furta gafara, zumunci ya dawo. Na farko yana hannunka yau. Na biyu yana jiran tubarsa.

Dubi yadda Ubangiji da kansa ya yi. A kan gicciye ya roƙi Uba ya gafarta wa masu kashe shi, alhali babu wanda ya nemi gafara a cikin masu raba tufafinsa. Amma a ranar Fentikos, da mutanen Urushalima suka ji wa'azin Bitrus zukatansu suka soku, bai ce musu an riga an gama kome ba, sai ya ce su tuba a yi musu baftisma, aka kuwa ƙara mutum wajen 3,000 a ranar. Istifanas ma ya mutu yana roƙo kada a ɗora wa masu jifansa wannan zunubi, Shawulu kuwa, wanda daga baya aka sani da Bulus, yana tsaye yana goyon bayan kisan, tubarsa ba ta zo ba sai daga baya a hanyar Dimashƙu. Zuciyar mai gafara tana riga tubar mai laifi, wani lokaci da nisa ƙwarai.

To, mene ne ainihin abin da kake saki idan ka gafarta? Bulus ya bayyana shi a Romawa 12:17-21: kada ku rama mugunta da mugunta, kada ku ɗaukar wa kanku fansa, ku bar wa Allah hukunci domin ramuwa tasa ce. Mutane suna cewa rama cuta ga macuci ibada ne, Almasihu kuwa ya rufe wa almajiransa wannan ƙofa. Na san za ka ce ba ka taɓa ɗaga masa hannu ba, kuma na yarda. Sai dai ramuwar mai bi ba ta cika zuwa da sanda ba. Takan zo ne a cikin maimaita labarin ga kowane sabon kunne, kowane karo da ɗan ƙarin gishiri. Takan zo a cikin ɗan sanyin da zuciya take ji idan aka ce cinikinsa ya karye ko ɗansa ba shi da lafiya. Takan zo ranar Lahadi, sa'ad da ka hango ƙeyarsa a layin gaba ya ɗaga hannu yana waƙa, kai kuwa littafin waƙoƙi yana buɗe a hannunka amma a zuci kana karanta masa tuhuma daga farko har ƙarshe, har a rufe waƙar ba ka rera baiti ɗaya ba. Duk waɗannan karɓar bashi ne kaɗan-kaɗan, kuma bashin ba ya raguwa ta wannan hanya. Gafara ita ce ka ce wa Allah: wannan shari'a na ɗauke ta daga hannuna na sa a naka, ba zan ƙara biyan kaina da ɓata shi ko da fatan sharri a kansa ba.

Dalilin da ya sa aka nemi wannan a wurinmu yana cikin misalin bawa marar tausayi a Matiyu 18:21-35, kuma lissafin da yake ciki ya cancanci a tsaya a kansa. Sarki yana bin bawansa talanti 10,000. Talanti ɗaya ya kai dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan ma'aikaci ne na yini guda, kamar yadda misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20 ya nuna. Bashin ke nan ya kai dinari 60,000,000, wanda in mutum yana aiki kwana 300 a shekara, ba ya ci ba ya sha daga ladansa, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Yosefus, marubucin tarihin Yahudawa, ya nuna cewa kuɗin shiga na ƙasar da Arkilayus ɗan Hirudus ya mulka, wato Yahudiya da Samariya da Idumiya, bai wuce talanti 600 a shekara ba. Masu sauraron Yesu sun gane nan take cewa alkawarin bawan na cewa a yi masa haƙuri zai biya duka maganar wofi ce. Sarki ya ji tausayinsa ya yafe. Bawan ya fita ya tarar da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya cafke shi, ya shaƙe masa wuya.

Abin da ake yawan tsallakewa a wa'azi shi ne, dinari 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ladan wata uku ne da ɗoriya. Yesu bai ce bawan ƙarya yake yi ba, bai kuma ce bashin abin dariya ne ba. Bashi ne na gaske, kamar naka. Ya zama ƙarami ne kawai sa'ad da aka ajiye shi kusa da wanda ya ninka shi sau 600,000. Saboda haka ƙarfin gafartawa ba ya zuwa daga ƙoƙarin shawo kan kanka cewa abin bai yi zafi ba. Yana zuwa ne daga daɗewa a gaban gicciye har mutum ya ga nasa bashin da idonsa. Wanda yake ganin zunubinsa ɗan kuskure ne, laifin wani kuwa dutse, zai sha wuya a nan kome yawan shekarunsa a ikilisiya.

Wannan ya kawo mu ga tsoron da yake sa bakinka nauyi. Gaskiya ne Matiyu 6:14-15 ya ce in ba mu gafarta wa mutane ba, Ubanmu ba zai gafarta mana ba, kuma ba ni da ikon sassauta maganar Ubangiji. Amma lura da yadda abubuwa suka biyo juna a misalin: sarki ne ya fara yafewa, tun bawan bai yi wani abin kirki ba. Haka Afisawa 4:32 da Kolosiyawa 3:13 suka jera shi, ku gafarta wa juna kamar yadda aka riga aka gafarta muku. Ba mu sayen gafarar Allah da tamu. Gargaɗin yana kan wanda ya ƙulla a ransa cewa ba zai yafe ba har abada, ya kuma ga daidai ne ya karɓi jinƙai ya hana wa wani. Mutumin da yake fama, yana so ya yafe amma zuciya tana ja da baya, har abin ya dame shi ya rubuto tambaya, ba shi ne bawan nan mai shaƙe wuya ba. Nauyin bakin nan naka alama ce cewa lamirinka yana da rai.

Game da komawa kamar dā, labarin Yusufu ya fi kowane bayani. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a bakin azurfa 20. Yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara bakwai na ƙoshi suka wuce, yunwa ta shekara biyu, kafin ya bayyana musu kansa, wato kusan shekara 22 ke nan. Duk alamu sun nuna ba ramuwa ce a ransa ba, domin tun zuwansu na farko ya juya musu baya ya yi kuka, ya cika buhunansu da hatsi, ya mayar musu da kuɗinsu. Duk da haka bai faɗa musu ko shi wane ne ba. Ya tsare wansa Saminu, ya nemi a kawo ƙanensa Biliyaminu, wanda suke uwa ɗaya, wato Rahila, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun yaron, ya shirya musu irin yanayin da suka taɓa samu, wato damar su bar ɗan Rahila a bauta su koma gida lafiya. Sai da Yahuza, wanda shi ne ya kawo shawarar sayar da Yusufu tun farko, ya tsaya ya ce a riƙe shi bawa a madadin yaron, sa'an nan Yusufu ya kasa daurewa, ya fitar da kowa, ya ce shi ne Yusufu. Hatsi ya ba su tun ba su canja ba. Sirrinsa da amincinsa kuwa sai da ya ga shaida. Bayan rasuwar Yakubu ma, da tsoro ya sāke kama su, bai ce ba su yi kome ba. Ya ce sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya juya abin ya zama alheri, ya kuma tambaye su ko shi yana a matsayin Allah ne.

Dauda ya sami damar kashe Sarki Saul, wanda yake farautar ransa, sau biyu ya ƙi, amma da Saul ya yi kuka ya amsa laifinsa a bakin kogo, kowa ya kama hanyarsa, Saul ya tafi gida, Dauda da mutanensa suka koma mafakarsu. Bulus ma, a 2 Timoti 4:14-16, ya ce Iskandari maƙerin tagulla ya cuce shi ƙwarai, Ubangiji zai sāka masa, ya kuma gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi. Ya bar hukunci ga Allah, bai kuwa bar ɗansa cikin bangaskiya ya faɗa hannun mutumin ba. Don haka in wannan aminin naka ya sāke zuwa neman rance, kana da 'yancin hana shi ba tare da ka yi zunubi ba. In kuwa ka ji yana kwance babu mai kai shi asibiti, ko iyalinsa sun rasa abinci, to Romawa 12:20 ta hau kanka, sai ka tashi.

Yanzu maganar kuɗin da sunanka da aka ɓata. A wasiƙarka ban ga inda ka ce ka zauna da shi ku biyu ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Littafin Firistoci 19:17-18 ya haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya: kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka, amma ka tsawata masa a fili. Shirun da muke kira haƙuri sau da yawa ƙiyayya ce da aka rufe da murmushi. Yesu ya ba da tsari a Matiyu 18:15-17. Ka fara zuwa wurinsa kai kaɗai, a keɓe, ka faɗi abin da ya faru ba zagi ba ƙari: ranar da ka ba shi, adadin, abin da ya faɗa a kanka, da yadda abin ya yi maka. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu masu hankali waɗanda shi ma yake ganin girmansu, ba 'yan goyon bayanka ba. In ya ƙi, sai a kai wa ikilisiya ta hannun fasto da dattawa. In kana da takarda ko saƙo ko shaida, ka kawo, domin neman gaskiya ta fito ba rashin gafara ba ne. Manufar da Yesu ya ambata ita ce ka sami ɗan'uwanka, kuma mutumin da yake cin haƙƙin wani yana zuwa sujada yana cikin hatsarin da ya fi asararka.

A 1 Korintiyawa 6:1-8 Bulus ya tsawata wa masu bi da suke kai juna ƙara gaban marasa bi, ya ce ashe babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai sasanta 'yan'uwa, har ya ce gara mutum ya yarda a cuce shi. Wannan ya sa nake ba da shawara a ƙure hanyar ikilisiya tukuna, kuma mutum ya auna da gaske ko zai iya barin kuɗin saboda Almasihu. In ka bar su, ka bar su da zuciya ɗaya, a matsayin baiko ga Allah, kada ka bari da baki kana bi da zuci. Amma ba zan ce maka neman haƙƙinka haramun ne ba, musamman in kuɗin na marayu ne ko na iyali ko amanar wani, domin ba ka da ikon yafe abin da ba naka kaɗai ba ne. Wannan nassi kuma yana magana ne a kan rigimar dukiya tsakanin 'yan'uwa. Ba a fake da shi a rufe laifin duka ko fyaɗe ko cin zarafin yara, waɗannan na hukuma ne, kuma Romawa 13 ta ce Allah ne ya kafa ta domin hukunta mugunta. Dattawan da suke matsa wa wanda aka cuta ya yi shiru "domin sunan ikilisiya", suna barin macucin yana yawo, ba sulhu suke yi ba.

A aikace, kada ka jira sai ranar da ka ji zuciyarka ta yi fari. Ka durƙusa ka kira sunansa a gaban Allah, ka faɗi abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, ka ce ka saki. Sa'an nan ka yi abin da Matiyu 5:44 ta umarta, ka yi masa addu'a. Da farko sunan zai tsaya maka a maƙogwaro, watakila abin da za ka iya furtawa bai wuce "Ubangiji, ka ba shi tuba" ba. Wannan ya isa a fara. A hankali ka ƙara da lafiyarsa, da 'ya'yansa, da aikinsa. Washegari fushin zai iya dawowa sabo fil, musamman in ka gan shi ko ka shiga matsin da kuɗin nan za su iya fitar da kai. Dawowar zafi ba ta nuna gafarar jiya ƙarya ce ba. Gyambo mai zurfi ba a wanke shi sau ɗaya a ce an gama, kullum ake kwance shi a sāke ɗaurewa har ya cike daga ciki. Sa'ad da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Ubangiji ya ba shi adadin da ba mai iya riƙe lissafinsa, kuma a ganina wannan ya shafi laifi ɗaya da yake dawowa zuciya sau da yawa kamar yadda ya shafi laifofi masu yawa. Mantuwa kuwa ba a umarce ka da ita ba. Yusufu bai manta da rijiyar da 'yan'uwansa suka jefa shi ba. Abin da aka nema shi ne ka daina ɗauko laifin kana yin makami da shi.

Game da Jibin Ubangiji, 1 Korintiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Gwajin domin a zo ne da shiri. In ka gwada kanka ka tarar ka ƙudura ramuwa, to ka tuba kafin ka miƙa hannu. In kuwa abin da ka tarar rauni ne da kokawa, tare da niyyar yin biyayya, ban ga dalilin da zai sa ka hana kanka teburin da aka shirya domin masu bukatar alheri ba. Ikilisiyoyi suna da tsare-tsare dabam-dabam a kan wannan, saboda haka ka zauna da fastonka ka buɗe masa cikinka kafin Jibi na gaba.

In kuma wata rana mutumin ya zo, ka san yadda za ka gane tuba. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba a gaban Yesu, bai tsaya ga baƙin ciki ba, ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Mai tuba na gaske yana kiran laifinsa da sunansa, yana neman hanyar biya ko da kaɗan-kaɗan ne, yana kuma komawa wurin mutanen da ya ɓata ka a gabansu ya gyara maganar. "In na yi maka laifi ka yi haƙuri" bai kai nan ba, ko da yake zai iya zama mafari, kada kuma ka murƙushe shi. In ya amsa laifinsa sosai, ka furta masa gafara da bakinka a wurin, ba tare da ka sa shi ya yi ta zarya ba, domin Bulus ya gargaɗi Korintiyawa su karɓi wanda ya tuba kada baƙin ciki ya sha kansa. Bayan haka ku zauna da dattawan da suka shiga maganar, a rubuta yadda za a biya da lokacin da za a biya, kowa ya sa hannu.